Daga Gafaka Zuwa Intanet: Tarihin Iznin Kwafar Littafin Makaranta

A 'yan shekarun nan ana yawan jin malaman sashen ilmi suna ambaton wani abu da za mu iya kira da Hausa buɗaɗɗun kayan karatu. Abin nufi shi ne littattafai da darussa da hotuna da tambayoyin jarrabawa waɗanda masu su suka saki, suka ce kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya fassara, ya gyara, ya raba, ba sai ya nemi izni ko ya biya ko anini ba. Galibin masu yabon abin sukan tsaya ne a kan arharsa, wai ga littafi kyauta. Ni kuwa a ganina kyautar ita ce ƙaramin amfaninsa. Babban amfanin shi ne iznin nan na kwafa da gyarawa, kuma mai karatu ba zai gane nauyin wannan izni ba sai mun waiwayi tarihin littafin makaranta a ƙasar nan, mun ga lokacin da malami yake da shi, da yadda ya kuɓuce masa, da kuma doguwar hanyar da ya biyo ya komo.

Kafin zuwan Turawa babu maɗaba'a a ƙasar Hausa, saboda haka littafi ba ya yaɗuwa sai ta hannu. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga makarantar ilmi, in zai fara Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, sai ya ari na malaminsa ko na wani babban ɗalibi, ya fere alƙalami, ya dafa tawada, ya zauna ya kwafe shi falle bayan falle. In kuwa ɗan mai hali ne, sai a biya marubuci ya kwafa masa. Takardar ma daga nesa take zuwa. Mafi yawanta a Italiya ake yin ta, irin wadda in ka ɗaga ta a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku, fatake su ɗauko ta daga Tarabulus bisa raƙuma su ratso Sahara da ita har Kano. Don haka littafi abu ne mai tsada, ana ɗaure shi cikin tadarishi a sa a gafaka a rataye inda gara ba za ta kai ba. Amma fa tsadar ta takarda ce da ta wahalar hannu. Ita kwafar kanta aikin lada ce, kuma abin da aka sa wa mai kwafa ido a kai shi ne ya ambaci sunan mawallafi, kada ya jingina wa kansa abin da ba nasa ba. Shi ya sa a ƙarshen irin waɗannan littattafai akan tarar mai kwafa ya rubuta nasa sunan a ƙasa, ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a shi da iyayensa.

Ba kwafa kaɗai ake yi ba. Ɗalibi yakan cika gefen shafi da tsakanin layuka da fassarar kalmomi cikin ajami, Hausa ko Fillanci ko Barbarci, kamar yadda ya ji daga bakin malaminsa, wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya ɗauke har da wannan ƙarin. Malaman jihadin Sakkwato su suka kai wannan al'ada matuƙa. Misalin da kowane ɗalibin Hausa ya sani shi ne waƙar Tabbat Haƙiƙa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta da Fillanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku. Hannu uku ke nan a kan aiki ɗaya, kowa ya ɗora nasa, kuma ba a ɓatar da sunan kowa ba. Dalilin Nana Asma'u na yin fassara a fili yake. Matan da take son karantarwa ta hanyar 'Yan Taru, galibinsu ba su jin Larabci, da yawa ba su jin Fillanci, su kuwa jajojin da take naɗawa su ne za su ɗauki waƙoƙin su kai ƙauyuka. In da a ce sai ta jira iznin wani kamfani kafin ta fassara, da matan karkarar Sakkwato sun daɗe suna jira.

Kada dai mu yi wa zamanin nan ado fiye da kima. Kwafar hannu tana cin watanni, kuskure yana shiga ya yi ta haihuwa daga kofe zuwa kofe, akwai kuma masu rowar littafi waɗanda ko ɗan'uwansu ba sa ara wa. Daɗin daɗawa, mallakar littafi ba ta sa mutum ya zama mai karantar da shi, sai ya zauna gaban malami ya sami ijaza. Abin da nake son a riƙe shi ne, malamin wancan lokaci yana da ikon mayar da littafi yadda zai dace da ɗalibin da ke gabansa.

Da boko ya zo sai al'amari ya sake. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Nan da nan aka ga ga yara sun iya haɗa baƙi amma babu abin karantawa. Wannan ne ya sa gwamnati ta kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zauna a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, aka sake mata suna Hukumar Talifi a 1933. Ita ta fitar da littattafai irin su Labaru Na Da Da Na Yanzu da Labarun Hausawa Da Maƙwabtansu, ita kuma ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Wannan tarihi mun sha shi tun a shekarar farko a sashe, ba sai na tsawaita ba.

Inda nake so mu ɗan daɗe shi ne kan Magana Jari Ce, domin a nan ne maganar izni ta fi fitowa. A 1936 aka aro Abubakar Imam daga Midil ta Katsina zuwa Zariya don ya rubuta littafin karatu na 'yan makaranta. East ya tara masa littattafan tatsuniyoyi da hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turai, shi kuwa ya karanta, ya zaɓa, ya tuɓe musu rigunansu ya sa musu na Hausa, har aka sami juzu'i uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Dabarar aku mai ba da labari don ya hana wani fita, tsohuwar dabara ce a hikayoyin Indiya da Farisa. Labarin Sarkin Busa asalinsa na Jamus ne, na mai sarewar nan da ya janye ɓeraye daga gari, da aka hana shi ladansa ya janye yara. Labarin Kalala da Kalalatu ma yana da 'yar'uwa a cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, su Grimm, suka tara, inda kuyanga ta cinye kajin baƙo sa'an nan ta tsorata shi ya gudu. Amma wane yaro ne a elementare ya taɓa karanta Kalala ya ji ƙanshin Jamus? Imam ya narka labarin har ya zama ɗan gida. Abin da ya ba shi damar yin haka kuwa, bayan baiwar da Allah ya yi masa, shi ne waɗannan labarai ba su da mai su. Sun tsufa, sun zama na kowa. Watau littafin da ya fi kowane raya karatun Hausa a makarantun boko, da kayan da aka sakar wa kowa aka gina shi.

To, sai dai shi littafin da aka gina bai zama na kowa ba. Maɗaba'a ta zo ne tare da dokarta. Dokar haƙƙin mallaka ta Ingila ta 1911 an shimfiɗo ta zuwa Nijeriya a 1912, bayan mulkin kai aka yi tamu a 1970, aka sake wata a 1988, sa'an nan aka yi ta 2022. Bisa wannan doka haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. In aka bi wannan lissafi, aikin marubucin da ya rasu a 1981, shekarar da Imam ya rasu, ba zai fita hannun masu haƙƙinsa ba sai an wuce 2051. Dokar ta bar 'yar kafa don koyarwa da nazari, amma ɗaukar littafi sukutum a buga, ko a fassara, ko a sauƙaƙa shi a raba wa makarantu, wannan sai da izni. Ba ina zargin dokar ba ne, don marubuci ma yana da ciki, kuma mun san yadda 'yan satar fasaha suka talauta mawallafa da dama. Ina nuna dai cewa a karon farko an sami shinge tsakanin malami da littafin da yake karantarwa.

An daɗe ba a ji zafin shingen ba, saboda hukuma ce take biya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, En'e-En'e suna sayen littattafai suna raba wa makarantunsu. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, sai aka kafa hukumar NORLA wajen 1954, ta yi ta fitar da ƙananan littattafai masu arha da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, don kada wanda ya koyi karatu a ajin manya ya mance. NORLA ba ta yi tsawon rai ba. A 1959 aka rufe ta saboda matsalar kuɗi, ciniki bai biya abin da ake kashewa ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa: buga littafi abu ɗaya ne, kai shi hannun mai karatu a Gwadabawa ko Gumel wani abu ne dabam. A 1966 Kamfanin Gaskiya ya haɗa hannu da Macmillan aka kafa NNPC, littafin Hausa ya koma hannun kasuwa sosai.

Sa'an nan aka zo 1976. A watan Satumba na wannan shekara gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da UPE. An yi tanadin yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun bayyana. Malamai suka yi kaɗan, har aka riƙa yi wa mutane horon gaggawa ana tura su aji, kuma a wannan shekara aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don ta riƙa horar da malamai suna bakin aikinsu. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Magana ce mai daɗin ji, amma tana bukatar littafin lissafi da na kimiyya da na zaman jama'a cikin Hausa, ba na karatu kaɗai ba, kuma waɗanda aka yi ba su kai ko'ina ba wajen isa.

Kafin a gama wannan lissafi kuɗin mai ya faɗi. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta zube, takarda da tawadar ɗab'i kuwa da kuɗin waje ake sayo mafi yawansu. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin, waɗanda aka sa wa rai, ba su jima ba suka durƙushe. Littafi ya fi ƙarfin talaka, gwamnatocin jihohi suka rage saye, kamfanoni suka rage buga na Hausa. Abin da ya biyo baya kowa ya gani, da yawanmu ma a cikinsa muka taso: malami da kofe ɗaya tak, wani lokaci ma nasa na zamanin yana ɗalibi, ya juya wa aji baya yana kwafa a allo, yara suna kwafa a littafin rubutu, a buga ƙararrawa ba a karanta komai ba. An koma gidan jiya ke nan, kwafar hannu, sai dai wannan karon ba almajiri ɗaya ba ne da watanni a gabansa, aji ne cike maƙil da minti talatin da biyar. A manyan makarantu kuma aka shiga zamanin fotokofi da sayar da takardun lacca. Marubutan ƙagaggun labarai su suka samo wa kansu mafita, suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, 'yan kasuwa suna rarrabawa, abin da daga baya aka kira adabin kasuwar Kano. Littafin makaranta bai sami irin wannan mafita ba, don ba malamin da zai iya ɗaukar littafin wani kamfani ya kai maɗaba'a ba tare da ya zama ɓarawo ba.

Abin da ya kwance wannan ƙulli ba daga nan ya fito ba, kuma waɗanda suka ƙirƙiro shi ba mu ne a ransu ba, saboda haka tilas mu ɗan ƙetara zuwa Amurka. Masu rubuta manhajar kwamfuta su suka fara. Richard Stallman ya fito a 1989 da wata takardar izni wadda mai manhaja zai liƙa wa aikinsa, ya ce kowa ya kwafa ya gyara, muddin shi ma zai saki nasa gyaran. Hikimar ita ce ba a karya dokar haƙƙin mallaka ba, da ita aka yi amfani: tun da kai ne mai abu, kana da ikon ka ba da izni tun kafin a tambaye ka. A 1998 wani malamin ilmi, David Wiley, ya ce a gwada haka a kan rubuce-rubucen karatu. A watan Afrilu na 2001 jami'ar MIT ta ba duniya mamaki da ta sanar za ta zuba kayan darussanta a intanet kyauta. Ta fara da darussa 50 a 2002, zuwa 2007 sun kai 1,800. A wani taro da UNESCO ta kira a birnin Faris cikin Yuli 2002 don duba amfanin wannan ga ƙasashe masu tasowa aka raɗa wa abin sunan da muke fassarawa da buɗaɗɗun kayan karatu. A Disamba na wannan shekara kuma ƙungiyar Creative Commons, wadda lauya Lawrence Lessig yana cikin waɗanda suka kafa ta, ta fitar da takardun izninta na farko.

Gaskiyar magana, takardun laccar MIT ba su tsinana wa malamin firamare na ƙauye komai ba. Da Turanci suke, na jami'a ne, kuma an rubuta su ne don ɗalibin da ke da ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ya amfane mu shi ne takardun iznin. Sharaɗinsu na tushe shi ne a ambaci sunan mai aiki, wanda dai shi ne ladabin mai kwafa na zamanin gafaka. Mai aiki yana iya ƙara cewa duk wanda ya gyara ya saki nasa da irin wannan izni, ko ya ce ban da kasuwanci, ko ya ce a kwafa amma kada a taɓa ko wasali. Wannan na ƙarshe ba a cika lissafa shi cikin buɗaɗɗun kaya ba, don ya hana fassara. An yi ta taruka bayan haka, an fitar da sanarwar Cape Town a 2008, ta Faris a 2012, har a Nuwamba 2019 ƙasashen UNESCO suka amince da shawarar da ta nemi gwamnatoci su saki kayan karatun da aka yi da kuɗin jama'a. Takardun taro dai ba sa shiga aji da ƙafarsu, don haka bari mu duba inda aka yi aiki.

A 2005 Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta haɗu da makarantun horar da malamai na ƙasashen Afirka, daga ciki har da NTI ta Kaduna da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan da jami'o'in Cape Coast da Winneba na Gana, suka kafa shirin TESSA. Malaman Afirka ne suka rubuta mafi yawan darussan, guda 75 don malamin firamare, a kan karatu da rubutu, da lissafi, da kimiyya, da zaman jama'a, da dabarun rayuwa. Ba lacca ba ce a kan falsafar ilmi. Kowane darasi yana ba da labarin wani malami da yadda ya yi da aji mai yawa ko da rashin kayan aiki, sa'an nan ya ba mai karatu aikin da zai gwada gobe a nasa ajin, da duwatsu ko murafen kwalba ko tatsuniyar da yara suka zo da ita daga gida. Da yake iznin ya yarda a gyara, kowace ƙasa ta yi nata zubin, aka sauya sunayen mutane da garuruwa da amfanin gona da kuɗi don su dace da wurin. NTI ta shigar da su cikin karatun malamanta masu koyo daga nesa. Wannan shi ne amfanin da malami yake samu kai tsaye: horo yana iske shi a ajinsa, da misalan da ya sani. Amma da harshe huɗu aka fitar da darussan, Turanci da Faransanci da Larabci da Suwahili. Hausa ba ta ciki, ga shi kuwa iznin bai hana kowa fassarawa ba.

Misalin da ya fi burge ni, kuma ya fi kusa da mu ɗalibai, na Afirka ta Kudu ne. A 2002 wani ɗalibin kimiyyar fiziya a jami'ar Cape Town, Mark Horner, da abokansa, ganin 'yan sakandaren karkara ba su da littafin kimiyya, suka fara rubuta nasu, suna gayyatar masu sa kai kowa ya rubuta babi ko ya duba na wani. Sun sha shekaru a kai. Daga wannan aiki ne aka sami Siyavula, kuma a wajen 2012 ma'aikatar ilmi ta ƙasar ta ɗauki littattafansu na lissafi da kimiyya na azuzuwan ƙarshe na sakandare ta buga miliyoyin kofe ta raba wa makarantun gwamnati. Kuɗin takarda da ɗab'i da dako kawai ta biya. Ga ɗalibi, amfanin a bayyane yake: littafi nasa na kansa da zai tafi da shi gida, kuma in ya ɓace yana iya sauke wani a waya. Amma a lura, ba intanet ce ta kai littafin ƙauye ba. Motar gwamnati ce.

Ɓangaren da Hausa ta fi samun shiga shi ne na littattafan yara. Cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe rumbun African Storybook a 2014, kamfanin Pratham Books na Indiya ya buɗe StoryWeaver a 2015. Dukansu ƙananan labarai ne masu hotuna, an jera su bisa matakin karatun yaro, kuma kowa yana iya ɗaukar labari ya fassara a kan hotunan nan, ya sa sunansa a ƙarƙashin na mawallafi da na mai zane. Akwai na Hausa a ciki. Duk ɗalibin sashenmu da ya duba su zai tarar da masu kyau, zai kuma tarar da waɗanda Hausarsu ta sandare, an bi Turanci kalma bayan kalma, an zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, har yaro ya kasa bambanta kafa da ƙafa. Masu sukar buɗaɗɗun kaya sukan kafa hujja da irin wannan, su ce abin da ba edita ba shi da inganci, kuma suna da gaskiya rabi. Sauran rabin shi ne, kuskuren da ke cikin littafin kamfani sai ka jira bugu na gaba, in za a yi, wannan kuwa malama tana iya gyara shi yau da daddare. Tana iya rage tsawon jimloli don 'yan aji biyu, ta mayar da sunan yaron Audu, ta sa gero inda aka sa wani abincin da yaranta ba su taɓa gani ba. Malamin Maraɗi ko Damagaram kuma yana iya mayar da rubutun bisa ƙa'idar Nijar, ya sa ƴ inda muke sa 'y, ba sai an sake rubuta labari daga farko ba. Aikin da Imam ya yi wa Kalala ke nan, an mayar da shi abin da kowane malami yake da iznin yi.

Yanzu mu komo kan darasin NORLA. Yawancin masu sakin kaya sukan so su liƙa sharaɗin nan na ban da kasuwanci, kamar yadda MIT ta yi, don ba sa son wani ya ci riba da guminsu. Ana iya fahimtar wannan. Amma a ƙasar da wuta ba ta tsayawa, kuɗin data yana da tsada, kuma makarantu da yawa ba su da ko kwamfuta ɗaya, littafi ba ya isa hannun yaro sai a takarda, takarda kuwa ba ta tafiya sai in wani zai ci abinci da ita. Hanyar da ta kai littattafan soyayya kowace kasuwar ƙauye, ta ƙananan maɗaba'u da dillalai da masu shimfiɗa a tasha, ita ce hanyar da hukumomi suka kasa ginawa tun 1959. In aka ce ban da kasuwanci, an rufe wa littafin makaranta wannan hanya. A ganina iznin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda ya ce a ambaci suna kawai, ko a ƙara da cewa a saki gyara, mai maɗaba'a ya buga ya sayar da arha, in ya tsawwala wani ya buga ya karya shi.

Saura maganar wanda zai biya marubuci, wadda masu yabo ba sa son a taso da ita. Imam albashi yake ci lokacin da yake rubuta Magana Jari Ce. MIT gidauniyoyin Hewlett da Mellon suka ɗauki nauyinta, TESSA da African Storybook ma da kuɗin masu ba da agaji aka yi su, kuma kuɗin agaji yakan ƙare. Abin da ya dace shi ne a biya marubuci sau ɗaya, biya mai kyau, daga aljihun gwamnati, sa'an nan a saki aikin. Jihohinmu suna iya yin haka da sababbin littattafai, suna kuma iya zama da masu haƙƙin tsofaffi irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu su sayi haƙƙin a sake su. Mu ma a nan ba mu rasa abin sakewa ba. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna tattaro tatsuniyoyi da kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa daga garuruwansu, a ɗaure kundi a jera a kanta, ƙura ta rufe. In marubucin kundi da waɗanda suka ba shi labarin sun yarda, ƙungiyarmu tana iya zaɓen tatsuniya ashirin, a daidaita rubutunsu bisa ƙa'ida, a nemi 'yan sashen zane su yi hotuna, a liƙa musu izni. Labari mai shafi 12, in an buga gaba da baya an ninka, falle 3 yake ci. Aji mai yara 80 zai ci falle 240, watau bai kai rabin rim guda mai falle 500 ba.